Janar Sosabowski: Tambayoyi da Amsoshi kan Malamin da Ya Kafa Sojojin Laima na Poland, Ya Ƙare a Sito

Duk lokacin da aka taɓo yaƙin Arnhem na 1944, ko makomar sojojin Poland da suka yi wa ƙasashen ƙawance yaƙi sannan suka rasa gidan komawa, sai sunan Stanisław Sosabowski ya fito. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu karatun tarihin Yaƙin Duniya na Biyu suka fi maimaitawa a kansa. An fara da masu sauƙi, an gangara zuwa waɗanda har yau ake ja-in-ja a kansu.

Wane ne Sosabowski, a taƙaice?

Hafsan sojan Poland ne, an haife shi ranar 8 ga Mayu 1892, ya rasu a Landan ranar 25 ga Satumba 1967. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya koyar a babbar makarantar hafsoshi ta Warsaw, ya kare birnin a 1939, sannan a ƙasar baƙunta ya kafa birged ta farko ta sojojin laima a tarihin ƙasarsa. Ya jagorance ta a Arnhem da ke Holan. Bayan an sha kashi aka ɗora masa laifi, aka tuɓe shi, ya ƙare rayuwarsa yana ƙaramin ma'aikaci a wata masana'anta a yammacin Landan.

In ɗan Poland ne, me ya kai shi yaƙi cikin rundunar Ostiriya?

Domin lokacin da aka haife shi babu ƙasar Poland a taswira. Tun 1795 Rasha da Furusiya da Ostiriya suka yanyanka ta suka raba, haka ta zauna shekara 123. Garinsu, Stanisławów, yana cikin rabon daular Ostiriya-Hangari. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar shi yana yaro. A 1913 aka ɗauke shi soja kamar kowane saurayi na daular, shekara ɗaya bayan haka yaƙi ya ɓarke. Ya gwabza da Rashawa a yankin Przemyśl, aka yi masa mummunan rauni a 1915.

Abin tausayin zamanin shi ne, 'yan Poland sun kasance a rundunoni uku masu gaba da juna, ɗan'uwa yana harbin ɗan'uwa a ƙarƙashin tutar wani. Da ƙasar ta dawo da 'yancinta a watan Nuwamba 1918, Sosabowski ya shiga sabuwar rundunar nan take. Raunin da ya samu ya sa aka fi ba shi aikin ofis da tsara kayan aiki, kuma wannan ne ya buɗe masa hanyar koyarwa.

Me ya sa ake kiransa malami, alhali soja ne?

Ya fara koyarwa kafin ya fara riƙe bindiga. Bayan rasuwar mahaifinsa, shi ne yake karantar da yaran masu hali bayan an tashi daga makaranta, kuɗin da yake samu ya taimaka wa mahaifiyarsa da ƙannensa. Ya kuma shiga ƙungiyoyin matasa masu fafutukar 'yanci, inda yake horar da na ƙasa da shi.

A farkon shekarun 1920 ya yi karatu a babbar makarantar yaƙi ta Warsaw, a 1930 ya koma cikinta a matsayin malami, ya zauna har 1937. Fanninsa ba irin wanda matasan hafsoshi ke rububi ba ne. Yana koyar da yadda ake ciyar da runduna, da kai mata harsashi da mai da magani, da lissafin motoci da dawakai da hanyoyi. Wanda ya shafe shekaru yana wannan lissafi ba ya yarda da tsarin yaƙi don ya yi kyau a kan takarda. Tambayarsa kullum ita ce: da me za a kai mutanen wurin, me za su ci a rana ta uku, ina abokan gaba suke a wannan lokaci? Ya kuma rubuta littafi a kan tarbiyyar soja a matsayinsa na ɗan ƙasa. Wannan ya dace da zamanin, domin tun 1919 doka ta wajabta wa rundunar Poland koya wa kuratan da ba su yi makaranta ba karatu da rubutu, saboda haka bariki ya zama aji ga 'ya'yan manoma da yawa.

A ganina duk wanda bai fahimci wannan ɓangare na rayuwarsa ba, ba zai gane abin da ya haɗa shi da janar-janar na Birtaniya ba. Dubi amsar da ke kan Arnhem da wadda ke kan halinsa.

Me ya yi lokacin da Jamus ta afka wa Poland a 1939?

Yana kanar, yana riƙe da runduna ta 21 ta sojan ƙasa, wadda ake wa laƙabi da 'Ya'yan Warsaw. An tura su arewa, yankin Mława, inda Jamusawa suka kwararo daga Furusiya ta Gabas tun ranar 1 ga Satumba. Jiragen sama sun yi wa sojojin da ke ja da baya ruwan bama-bamai, rundunoni da dama suka watse. Tasa ba ta watse ba. Ya janye ta a tsare har Warsaw, aka ba shi unguwar Grochów a gabashin kogin Vistula, ya riƙe ta har birnin ya miƙa wuya ranar 28 ga Satumba. Saboda wannan aka ba shi Virtuti Militari, lambar jarumta mafi girma a ƙasar.

Ta yaya ya fita daga ƙasar, kuma me ya sami waɗanda ba su fita ba?

Jamusawa sun tsare shi a sansanin fursunoni kusa da Żyrardów, ya sulale, ya koma Warsaw da sunan ƙarya, ya shiga ƙungiyar sojan ɓoye da aka fara kafawa. Ita ce ta aike shi da saƙo ta Hangari zuwa Faransa, inda Janar Władysław Sikorski ya kafa gwamnatin gudun hijira. Da Faransa ta faɗi a watan Yuni 1940, ya kwashi mutanensa zuwa gaɓar teku, jirgin ruwa ya kai su Birtaniya. Cikin wata tara ya ga faɗuwar ƙasa biyu.

Ya yi sa'a da hannun Jamusawa ya faɗa a wancan lokaci. Ranar 17 ga Satumba 1939 Tarayyar Sobiyet ta shigo ta gabas, ta kama dubban hafsoshi. A bazarar 1940 'yan sandan asirinta suka harbe kimanin mutum 22,000 a dajin Katyn da wasu wurare. Da yawansu ba sojan sana'a ba ne: malaman makaranta ne da likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da aka kira bakin aiki da yaƙi ya taso. A ɓangaren Jamus kuma, ranar 6 ga Nuwamba 1939 aka gayyaci malaman jami'ar Kraków wai taron lacca, aka kame fiye da 180 aka tura su sansanin gwale-gwale. An rufe makarantun sakandare da jami'o'i ga 'yan Poland. Malaman da suka rage suka kafa ƙungiyar koyarwa a ɓoye, suna tara yara biyar-biyar, shida-shida a ɗakunan gidaje, suna sane da cewa in an kama su rai ne a bakinsa. Mamayan biyu sun yi tarayya a abu guda, wato kawar da masu ilmin ƙasar.

Yaya aka yi mutum mai shekara 49 ya kafa rundunar laima?

Abin da ya isa Scotland daga Faransa hafsoshi ne birjik, kurata kaɗan. An ba Sosabowski wata birged da suna kawai gare ta, mafi yawanta hafsoshi marasa aikin yi, masu kewar gida, zaman banza yana cin su. Ya ga cewa in aka bar su haka za su lalace. Sai ya ba su buri: su koyi dira daga jirgin sama, domin ranar da Poland za ta tashi tsaye su zama na farko da za su sauka a cikinta. Taken birged ɗin ke nan, wato komawa gida ta hanya mafi kusa.

A harabar wani tsohon gida mai suna Largo House a yankin Fife suka gina filin horo da hannunsu, da igiyoyi da katangu da ramuka, har sojojin suka raɗa masa suna Kurmin Birai. Suka kafa hasumiyar koyon dira, sannan a tura mutum Ringway kusa da Manchester ya yi dirar gaske. Sosabowski bai tsaya a ƙasa yana ba da umarni ba, shi ma ya dira, yana da shekara 49 da tsohon rauni a jikinsa. Ranar 23 ga Satumba 1941 Sikorski ya kalli atisayensu, ya ayyana su Birged ta Ɗaya ta Sojojin Laima mai zaman kanta. Nan ma aka fara horar da da yawa daga cikin zaratan da ake jefawa Poland da dare su haɗu da sojan ɓoye, waɗanda 316 daga cikinsu suka sauka a ƙasar kafin ƙarshen yaƙi.

Sojojinsa suna ce masa Tsoho. Suna tsoron bakinsa, suna kuma alfahari da shi.

Shin wannan labari ya taɓa mu a Afirka ta Yamma ko kaɗan?

Ya taɓa, ta dalilin rarar hafsoshin nan da aka ambata a sama. A 1941 rundunar Birtaniya ta Afirka ta Yamma tana faɗaɗa da sauri, ba ta da isassun hafsoshi Turawa, 'yan Poland kuma suna zaune a Scotland. Sai aka yi yarjejeniya aka aro fiye da 200 daga cikinsu, aka rarraba su a bataliyoyin Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya. A Najeriya sun tarar da Hausa ce harshen bariki, kuma wasunsu sun bi sojojinmu har Bama. Sosabowski kansa bai zo ba, amma waɗanda suka zo abokan zamansa ne na Scotland. Tsoffin sojan da suka yi yaƙin Bama daga Kano ko Zariya, wataƙila wani daga cikinsu ya yi fareti a gaban hafsan da ƙasarsa ke hannun mamaya a lokacin.

In don Warsaw aka kafa birged ɗin, me ya hana ta sauka can?

Tun farko an yi sharaɗi cewa birged ɗin tana ƙarƙashin gwamnatin Poland ne kai tsaye, ajiyayya don ranar tashin ƙasa. Da shirin shiga Turai ya matso, Birtaniya ta yi ta matsa lamba a miƙa mata ita, kuma wanda yake ci da sha da samun jirage daga hannun wani ba ya iya cewa a'a har abada. A watan Yuni 1944 aka miƙa. A cikin watan ne aka ƙara wa Sosabowski girma zuwa janar, aka kuma damƙa wa birged ɗin tutar da matan Warsaw suka ɗinka a ɓoye aka fito da ita ta ɓarauniyar hanya.

Ranar 1 ga Agusta 1944 Warsaw ta tashi ta yi wa Jamusawa bore. Sojojin laiman suka roƙa a kai su, har suka yi yajin cin abinci. Aka ƙi. A yi adalci, hujjar Birtaniya ba ƙarya ba ce: jiragen da ke ɗaukar sojan laima ba za su iya zuwa Warsaw su dawo ba, hanyar cike take da bindigogin kakkaɓo jirage, Stalin kuma ya hana jiragen ƙawance sauka a filayen da ke hannunsa a makonnin farko. Amma sanin hujja bai rage zafin ba. Birnin ya yi kwana 63 yana yaƙi, fararen hula fiye da 150,000 suka mutu. Ɗan Sosabowski, likita ne kuma hafsan sojan ɓoye, ya rasa ganinsa a kwanakin farko na tashin. Da wannan a zuciya mutanen suka hau jirgi zuwa Holan.

Me ya faru a Arnhem?

Tsarin Montgomery ne, babban kwamandan sojan Birtaniya: a jefa sojan laima su kama jerin gadoji a Holan, sojan ƙasa na Janar Horrocks su bi hanya guda tilo mai tsawon kusan kilomita 100 su haɗe da su cikin kwana biyu zuwa uku, a tsallake kogin Rhine a shiga Jamus. Amurkawa suka ɗauki gadojin Eindhoven da Nijmegen. Gada ta ƙarshe, ta Arnhem, aka ba rundunar Birtaniya ta Janar Urquhart tare da 'yan Poland, duka a ƙarƙashin Janar Browning. Tun a teburin shiri Sosabowski ya nuna rashin gamsuwarsa. Wuraren saukar Ingilishi suna da nisan kilomita goma ko fiye daga gadar, za a kai sojojin kashi-kashi cikin kwana uku, kuma tsarin ya ɗauka kamar Jamusawa sun riga sun karye. A wani shiri makamancinsa da aka soke kwanaki kaɗan kafin nan, har ya nemi a ba shi umarnin a rubuce. Ashe ragowar rundunoni biyu na tankokin SS, dakarun musamman na jam'iyyar Nazi, suna hutawa a kewayen Arnhem.

An fara ranar 17 ga Satumba. An tsara 'yan Poland su sauka ranar 19 a kudancin gadar, hazo a Ingila ya hana jiragensu tashi. Manyan bindigoginsu na fasa tanka kuwa an riga an kai su arewacin kogin da jirage marasa inji. Sai ranar 21 suka tashi, lokacin Kanar Frost da mutanensa da suka riƙe bakin gadar sun ƙare, sauran Ingilishi kuma an kewaye su a Oosterbeek, wani gari kusa da Arnhem a arewacin kogin. Aka sauya musu wurin sauka zuwa ƙauyen Driel, wai su yi amfani da jirgin fito su tsallaka. A sama aka aika saƙon a juyo saboda yanayi, jirage 41 cikin 114 suka koma, saboda haka kimanin mutum 1,000 ne suka dira, ana harbinsu tun suna lilo a iska. Da suka isa bakin ruwa, babu jirgin fiton.

Dare biyu suna gwada tsallaka kogi mai ƙarfi da 'yan ƙananan jiragen roba da kwale-kwalen da aka aro, Jamusawa suna harbi daga tudun da ke hayi. Kimanin 200 suka kai. Ranar 24 a taron da aka yi a Valburg, Sosabowski ya ce ko dai a tsallaka da babbar runduna a wani wuri can ƙasa inda tsaro bai yi ƙarfi ba, ko a kwashe mutanen da ke hayi. Ba a saurare shi ba, aka ma cire bataliya guda daga hannunsa. A daren aka ba wata bataliyar Ingilishi ta Dorset jiragen, ta tsallaka a inda ya yi gargaɗi, mafi yawan waɗanda suka shiga ruwa ba su dawo ba. Daren 25 aka kwashe kimanin mutum 2,400 daga cikin fiye da 10,000 da aka jefa arewacin kogin.

Gaskiya ne 'yan Poland ne suka jawo faɗuwar?

A'a, kuma kwanan wata kaɗai ya isa shaida. Ranar da suka sauka, gadar ta riga ta kuɓuce. Abubuwan da suka kashe shirin an yanke su ne kafin wani ɗan Poland ya taka ƙasar Holan: nisan wurin sauka, rarraba sojoji kwana uku, watsi da rahoton tankoki, rediyoyin da suka ƙi aiki, da jinkirin kama gadar Nijmegen har ranar 20. Saukarsu a Driel ma ta tilasta wa Jamusawa janye sojoji fiye da 2,000 zuwa kudancin kogin, abin da ya sassauta wa waɗanda aka kewaye. Kuma Driel ɗin da suka riƙe ita ce gaɓar da aka kwaso mutanen zuwa cikinta. Waɗanda suka tsallaka suna cikin masu tsaron baya a daren janyewa, da yawansu aka kama. Birged ɗin ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen da ta kai, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace.

Duk da haka a watan Oktoba Montgomery ya rubuta wa shugaban hafsoshin Birtaniya cewa 'yan Poland ba su yi yaƙin kirki ba. A Nuwamba Browning ya rubuta rahoton cewa Sosabowski mutum ne mai wuyar sha'ani, bai dace da riƙon birged ba. Gwamnatin gudun hijira, wadda a lokacin ƙarfinta ya ƙare, ta tuɓe shi a ƙarshen Disamba 1944. Ba a yi masa shari'a ba, ba a ba shi damar kare kansa a gaban wani kwamiti ba. A cikin dukkan manyan da suka zauna a teburin nan, shi kaɗai ne ba shi da uwa a gindin murhu.

To shi ba shi da nasa laifin?

Yana da hali mai kaifi, wannan ko masoyansa ba su musa ba. Yana da saurin fushi, ba ya ɓoye raini in ya ga an yi wauta, Turancinsa kuma bai kai ya tausasa magana ba ko da ya so. Hafsoshin Ingilishi na wancan zamani sun saba a naɗe suka cikin ladabi da barkwanci. Shi kuwa yana yi wa janar-janar tambaya irin ta malamin da ya kama ɗalibi bai yi aikin gida ba, a gaban na ƙasa da su. Akwai kuma tsohuwar ƙullalliya: shi ne ya daɗe yana ƙin sakin birged ɗin ga Browning.

Amma kaifin baki daban, rashin iya aiki daban. Rahoton da aka rubuta a kansa ya cakuɗa su da gangan. Abin da ya faɗa kafin yaƙin da abin da ya faɗa a Valburg duk sun tabbata, kuma ina ganin wannan ne abin da aka kasa yafe masa.

Da yaƙi ya ƙare, me ya hana shi komawa gida?

Wane gidan? A taron da shugabannin Amurka da Birtaniya da Sobiyet suka yi a Yalta a Fabrairu 1945 aka amince gabashin Poland ya zama na Tarayyar Sobiyet. Garin haihuwarsa ya koma cikin Yukren, yau sunansa Ivano-Frankivsk. Sauran ƙasar kuma ta faɗa hannun gwamnatin kwaminis da Mosko ta dasa. A watan Yuli 1945 Birtaniya da Amurka suka janye amincewarsu daga gwamnatin gudun hijira. A babban faretin nasara da aka yi a Landan ranar 8 ga Yuni 1946, sojojin Poland da suka yi yaƙi a Tobruk da Monte Cassino da Falaise da Arnhem ba su yi maci ba.

A Satumba 1946 gwamnatin Warsaw ta ƙwace wa Janar Anders da Janar Maczek da wasu manyan hafsoshi fiye da 70 shaidar zama 'yan ƙasa. Saƙon ya isa ga kowa. Kurata da yawa sun koma, amma ga babban hafsa komawa kasada ce da rai. Stanisław Skalski, gwarzon matuƙin jirgin yaƙi, ya koma, aka azabtar da shi aka yanke masa hukuncin kisa, sai 1956 ya fito. Witold Pilecki, wanda ya shiga sansanin gwale-gwalen Jamusawa na Auschwitz da ƙafarsa don ya kawo rahoto, an harbe shi a 1948. Sosabowski ya samu ya fito da matarsa da ɗansa makaho zuwa Ingila, ya zauna.

Da gaske ne janar guda ya koma aikin sito?

Da gaske ne. Birtaniya ba ta ba shi fansho ba, tunda ba sojanta ba ne, gwamnatin da ya yi wa aiki kuma ba ta da baitulmali. Ya shiga masana'antar kayan lantarkin motoci ta CAV da ke Acton a ƙarshen shekarun 1940 a matsayin ma'aikacin sito, ya yi kimanin shekara 17 a can, bai bari ba sai da ya haura saba'in da huɗu. Bai daɗe da hutawa ba ciwon zuciya ya ɗauke shi. Da yawa daga abokan aikinsa ba su san ko wane ne shi ba sai a wurin jana'izarsa. A ranakun hutu kuwa, a cikin tsoffin sojojinsa, janar ne kamar jiya, yana halartar tarukansu yana rubuta tarihin birged ɗin.

Ba shi kaɗai ba ne. Maczek, wanda tankokinsa suka 'yantar da garin Breda, ya yi aikin sayar da abin sha a wani otal a Edinburgh. Kanar-kanar sun yi gadi, sun wanke kwanuka, sun goge azurfa a otal-otal na Landan.

Ina labarin karatu da makarantu a wannan zaman hijira?

Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a tarihin mutanen nan. Duk inda suka yada zango sai sun buɗe aji. Rundunar Anders da ta fito daga Sobiyet ta Iran a 1942 ta taho da dubban yara marayu, aka buɗe musu makarantu a Isfahan da Falasɗinu, da Indiya, da sansanoni irin su Tengeru a Tanganyika da Masindi a Yuganda. Malaman sau da yawa sojoji ne da aka cire daga bataliya domin kafin yaƙi alli suke riƙewa.

A Birtaniya, dokar 1947 ta tsugunar da 'yan Poland ta ba sojoji da iyalansu izinin zama, aka kafa kwamitin kula da ilminsu wanda ya yi aiki har 1954. Su da kansu suka kafa jami'ar Poland ta ƙetare a Landan, suka kuma shimfiɗa makarantun ranar Asabar inda yaran da aka haifa a Ingila ke koyon harshe da tarihin ƙasar da ba su taɓa gani ba. Irin waɗannan makarantu suna nan har yau.

An taɓa wanke sunansa?

Mutanen Holan ne suka yi, kuma sun daɗe suna ƙoƙari. Tun bayan yaƙi Sarauniya Wilhelmina ta so a karrama birged ɗin, siyasar lokacin ta hana. Wata 'yar Driel, Cora Baltussen, wadda ta yi jinyar masu rauni a 1944 tana ma'aikaciyar agaji, ta shafe shekaru tana bibiyar maganar. Ta rasu a 2005, watanni kaɗan kafin abin ya tabbata. Ranar 31 ga Mayu 2006 Sarauniya Beatrix ta ba birged ɗin lambar soja mafi girma ta ƙasar, ta kuma ba Sosabowski lambar Zakin Tagulla, shekara 39 bayan rasuwarsa. A cikin shekarar tsoffin sojojin Birtaniya da suka yi yaƙin Arnhem suka tara kuɗi da kansu suka kafa masa abin tunawa a Driel. Kuratan da ke cikin ramuka a Oosterbeek sun san wanda ya tsallako musu ruwa, ko da manyansu sun rubuta akasin haka. Dubi amsar da ke kan ɗora laifi.

Wanda ya je wuraren nan yau, me zai tarar?

A Driel akwai dandalin da ake kira Dandalin Poland, da abin tunawa da birged ɗin da na janar ɗin, da ɗan ɗakin baje tarihi a cocin ƙauyen. A maƙabartar sojoji ta Oosterbeek akwai kaburburan 'yan Poland fiye da 70 tare da na Ingilishi, gidan tarihin yaƙin kuma yana cikin tsohon otal ɗin Hartenstein, inda Urquhart ya yi hedikwata. Ana taron tunawa kowace Satumba. A Warsaw, tokar gawarsa tana maƙabartar soja ta Powązki, inda aka kai ta a 1969. Birged ta 6 ta sojojin laima na Poland, mai hedikwata a Kraków, tana ɗauke da sunansa, kuma ita ce ta karɓi lambar 2006 a madadin tsohuwar birged ɗin.